Sabon Kwalekwale a Ƙasar Yashi: Shawara ga Mai Jirgi a Batsari da Safana

  Yau za mu leƙa yammacin Jihar Katsina ne, ƙasar Batsari da Safana, kuma maganarmu a kan jirgin ruwa ce, wato kwalekwale, da irin kulawar da yake bukata daga wanda ya mallake shi sabo.

Na san wani zai ce, to ina ruwan Batsari da jirgi? Ƙasa ce ta tudu da duwatsu, ga Dajin Rugu ya tokare ta ta yamma, gulabenta kuwa wata bakwai ko takwas yashi ne zalla, har yara suna buga ƙwallo a tsakiyarsu. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa zuwa bakin gulbi a watan Agusta ya san yadda lamarin yake juyawa. A yi ruwa da dare a can sama, da safe ka tarar da gulbin da ka taka da ƙafa jiya ya cika ya batse, ya raba ƙauye da kasuwa, ya raba manomi da gonarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti. Nan ne mai fito yake zama babban mutum.

Ban da wannan, ƙananan hukumomin nan biyu suna zaune ne tsakanin manyan ruwaye guda biyu. Daga gefen Safana akwai Dam ɗin Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, wanda aka datse Kogin Karaduwa aka gina, aka kammala a 1983, yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Daga arewacin Batsari kuma akwai Dam ɗin Jibiya a kan Kogin Gada, mai ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 140. Dukansu suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma dukansu akwai masunta da ke cin abinci a cikinsu. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na bakin daji, ba abin mamaki ba ne ka ga manomi ya sayar da ɗan abin da ya rage masa ya ce bari ya gwada su, ko ya gwada fito. Da shi muke magana yau: mutumin da bai gaji ruwa ba, ubansa bai riƙe filafili ba, amma ga shi ya wayi gari da jirgi.

Abin da nake so mu tafi da shi guda ɗaya ne. A irin ƙasarmu, jirgi yakan lalace ne a tudu, lokacin rani, sa'ad da mai shi ya manta da shi. Ranar da ya nutse da damina, sakamako ne kawai ya fito.

Mu fara daga ranar ciniki. Malam mai sayen jirgi, kada ka tafi kai kaɗai. Ka je wurin Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, jirgi nake so in saya, ina roƙon a raka ni a duba mini." Ba zai ƙi ba, don su ma ba sa son a jawo musu abin kunya a ruwansu. Ka lura da abin da zai yi. Ba zai tsaya kallon fenti ba. Zai sa a kifa jirgin, ya bi shi da ƙwanƙwasa daga goshi har gindi. Katako mai lafiya ƙararsa tsaf take fita. Wanda ya ruɓe ta ciki sai ka ji ta dushe, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Sai ya zaro wuƙa ko basilla ya riƙa tsikarar kusurwoyi, musamman inda katakon ƙasa ya haɗu da na gefe, da ƙarƙashin mazauni, don nan ne ruwa yake kwanciya. In tsinin ya shige ba gardama, wannan katakon ya gama aiki. Zai kuma duba kan kowace ƙusa. Inda ka ga jan tsatsa ya zubo a jikin katako, to ƙusar ta cinye ta ciki, abin da ya rage kai ne kawai.

Ka tambayi irin iccen da aka yi shi da shi. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa, kuma gara ba ta cika samun sa'arsu ba, sai dai tsada da nauyi. Farin katako mai taushi yana da araha, ga sauƙin ɗauka, amma kwanansa kaɗan ne in bai sami kulawa ba. Kowanne ka saya, ka san abin da ka saya. Sabon fenti a jikin tsohon jirgi kuwa, ka yi masa kallon tuhuma, don araha ba ta ado. Kuma kada kuɗi su bar aljihunka sai an jefa jirgin a ruwa, an ɗora masa nauyi, kun zauna kun zuba ido na ɗan lokaci kun ga ta ina yake tsatsafowa.

To, an saya, Allah ya sa albarka. Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya, shi ne ka san iyakar jirginka. Hanyar mai sauƙi ce. Ka kai shi ruwa marar zurfi ranar da babu iska. Ka riƙa ɗora buhunan da ka san nauyinsu, kamar buhun taki mai kilo 50, kana rarraba su daidai, kana duba yadda bakin jirgin yake kusantar ruwa. Dattijon da ya raka ka shi zai ce maka, "Tsaya nan, ya isa." A daidai wannan wuri ka ja layi da jan fenti, hagu da dama. Daga ranar, in ruwa ya taɓa layin, an gama lodi, ko da wanda ya rage a gaɓa surukinka ne. Ka riƙa lissafi da kilo, ka daina lissafi da kai. Buhun masara cikakke yana kai kilo 100, ya fi babban mutum nauyi. Babur ya haura haka, kuma nauyinsa a sama yake, shi ya sa yake saurin karkatar da jirgi.

Mun san yadda ake yi a bakin mashigi ranar kasuwa. Rana ta yi, kowa yana sauri. Wani ya ce, "Haba mai jirgi, saura ni kaɗai fa." Wata ta ce, "Ɗan nan, ka taimaka, goyo gare ni." Sai a ce a matsa, a matsa. Kunyar minti ɗaya ita ce take jawo zaman makoki na kwana bakwai. Layin fentin nan shi zai yi maka magana: ka nuna shi kawai ka ce, "Iya, ki yi haƙuri, yanzu zan dawo in ɗauke ki."

Ba tsoratarwa nake yi ba, abin ya faru a kusa da mu. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Warra a Jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150, ya dare a tsakiyar Kogin Kwara, mutane da dama suka rasu; abin da hukumomi suka ambata shi ne tsufan jirgin da yawan lodi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, a Dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29. A watan Mayun 2022 kuma, a nan Jihar Katsina, a ƙasar Mai'aduwa, lokacin shagalin ƙaramar Salla, aka rasa aƙalla mutum 15, yawancinsu yara. Allah ya jiƙansu da rahama. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Yanzu mu zo kan kulawar yau da kullum lokacin da jirgi yake aiki. Kowace safiya, kafin kowa ya shiga, ka kwashe ruwan da ya kwana a ciki. Ka sami jarka ka yanke ta a karkace, ka bar mariƙin, ka ɗaure ta da igiya a jikin mazauni don kada ta bi ruwa. Ka riƙa ƙirga yawan kwasar da kake yi. In jiya goma ka kwasa, yau ashirin, alhali ba a yi ruwan sama ba, jirgin yana gaya maka wani abu, kuma ranar ce za ka nemi wurin, ba gobe ba. Ruwan da ke cikin jirgi illarsa biyu ce. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ruwan jarka biyar masu lita 20 a ƙasan jirgi fasinja ne babba wanda bai biya ba. Sannan ba ya zama wuri ɗaya: jirgi na ɗan karkata, duk sai ya kwarara can gefen, ya ƙara danna shi.

Ka wanke laka da yashi da ƙayar kifi da ɓawon rake. Laka tana riƙe danshi, danshi yana kawo ruɓa, yashi kuma yana goge katako a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ka shimfiɗa 'yan sanduna ko tsofaffin alluna a ƙasa domin kaya su zauna a kansu. In za ka fito gaɓa, kada ka riƙa jan jirgi a kan tsakuwa. Ka sa guntayen icce ya gangara a kansu. In za ka ɗaure shi, ka tuna gulbinmu yana iya tashi kamu da yawa cikin dare ɗaya. Gajeriyar igiya takan danne goshin jirgi cikin ruwa, ruɓaɓɓiya kuma takan tsinke ka wayi gari jirginka yana wata ƙasa.

Wata dabara mai araha: ka sami jarkoki marasa komai masu lita 20 ko 25, ka toshe bakinsu da kyau, ka ɗaure su tamau a ƙarƙashin mazaunai, gaba da baya. Kowace jarka mai lita 20 tana iya tallafar kusan kilo 20 a ruwa. Ko jirgi ya cika, zai yi wuya ya tafi ƙasa, mutane za su sami abin kamawa kafin taimako ya zo. Wannan ba ya maye gurbin rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sa rigar ga duk mai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare. Ka sayi riguna gwargwadon fasinjojinka, har da ƙanana na yara, domin rigar babba a jikin yaro sulluɓewa take yi.

 Mun yi maganar saye da lodi da aikin damina. Saura babban al'amari, wato rani.

A Yawuri ko Lokoja jirgi yana cikin ruwa shekara zagaye. A nan kuwa, da zarar Oktoba ta wuce, gulbi ya janye, sai a jawo jirgi a yar a kan yashi, kowa ya kama gabansa. Daga nan abokan gaba uku suke far masa. Na farko hunturu da rana. Katako yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu, da zafin Maris da Afrilu, suna tsotse shi har haɗin alluna ya buɗe, ka iya hango haske ta tsakani, wani allon ma ya tsage bin tsawonsa. Na biyu gara, wadda ba ta bukatar komai illa katako ya taɓa ƙasa. Na uku ruwan farko na bazara, wanda zai taru a cikin jirgin da aka bari a buɗe, ya kwanta tare da ganye da kashin awaki, ya fara cin katako tun kafin a tuna da shi.

Maganin duka ukun ba ya cin kuɗi sosai. Ka wanke jirgin tas, ciki da waje. Ka kai shi inuwa, ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana. Ka ɗaga shi daga ƙasa a kan duwatsu ko tsofaffin tayoyi, a wuri uku ko huɗu domin kada tsakiyarsa ta lotsa. Ka kifa shi. In za ka rufe, ka rufa da zana ko asabari yadda iska za ta riƙa ratsawa. Naɗe shi ruf da leda yana tara gumi. Duk mako ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko gara ta fara gini. Wasu sukan shafe jirgi da baƙin mai don korar gara. Ina roƙon a bar wannan, domin duk abin da ka shafa, ruwa zai wanke shi, kuma ruwan Zobe shi ne aka ja da bututu domin shan mutanen Dutsin-Ma da Katsina, a aikin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Yulin 2021. Fentin mai na sosai, shafi biyu a kan busasshen katako, ya wadatar.

Mai soro ba ya jiran hadari ya haɗo kafin ya yi yaɓe; to haka mai jirgi. Watan Afrilu zuwa farkon Mayu ne lokacin gyara. Ka kira kafintan da ya san jirgi, ka zauna kusa da shi ka koya. Za ka ga ya bi haɗin alluna da ɗan ƙarfe yana ƙwaƙulo tsohuwar toshiya da ta mutu. Sai ya murza auduga ko zaren tsohuwar igiya, ya ɗora a bakin tsagar, ya riƙa tura ta da kurfi marar kaifi yana bugawa a hankali, taƙi bayan taƙi. Ba ya cusawa da ƙarfi, don ya san katakon zai kumbura ya matse ta. In ya cika ta, kumburin zai iya ture ƙusa. Sannan ya narka kwalta a gwangwani ya bi layin da ita, a wasu wuraren ya ɗora siririn falle na kwano ya bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Duk allon da ya ruɓe a cire shi gaba ɗaya. Faci a kan ruɓa ɓoye ciwo ne. In da hali a sa ƙusa wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa, ko da ta fi tsada.

In an gama, kada ka ɗauki kowa a ranar farko. Ka sa jirgin a ruwa marar zurfi ya kwana biyu ko uku ya sha, katako ya koma jikinsa. Zai yi yoyo da farko, wannan ba abin damuwa ba ne. Ka kwashe, ka jira, ka sake dubawa. In bayan kwana uku bai daina ba, a fito da shi a sake aiki.

Akwai kuma waɗanda ba sa barin jirgi ya yi zaman rani. In gulbi ya ƙafe, sai su ɗora shi a amalanken shanu ko a-kori-kura su nufi dam. Wannan dabara ce mai kyau, don jirgin da ke cikin ruwa ba ya tsagewa. Amma tafiya ɗaya a kan hanya mai gargada tana iya yi masa abin da damina guda ba ta yi ba. Ka shimfiɗa tayoyi ko buhunan ƙaiƙayi a ƙarƙashinsa. Ka ɗaure shi ta ciki a wuri biyu, ka kuma ɗaure goshin. Kada ka bar rabinsa yana reto a bayan mota, kuma kada a cika shi da kaya ko mutane yana kan mota, don an gina shi ne ruwa ya tallafe shi ta ko'ina. Ka ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa saboda masu babur. In kun yi 'yar tafiya ku tsaya ku ƙara jan igiya.

Kafin ka tsoma shi a sabon ruwa, ka wanke shi ka bar shi ya bushe, shi da taru da igiya. Dalili kuwa, jirgi yana ɗaukar baƙi a jikinsa: irin ciyawa, da ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Wanda ya san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta hana su, ta hana noma, ba zai so ya zama shi ne ya kai wata muguwar ciyawa inda babu ita ba. Kuma in ka isa, ka fara gaida Sarkin Ruwan wurin. Shi ya san inda kututturan bishiyoyin da dam ya cinye suke a ƙarƙashi, ya san inda iska take murɗawa.

Mu taɓa maganar ƙyalle da zare, don nan ma dukiya tana zuba. A wasu ƙasashe iska ce take tura jirgi. A gaɓar Lamu da Zanzibar, da kan Kogin Nilu a Masar, har yau ana ɗaga ƙyalle a kan doguwar sanda. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, da yawansu a irin waɗannan jirage suka haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A Kogin Kwara wajen Mopti ta ƙasar Mali za ka ga an ɗinke buhuna an yi ƙyallen da su. A Turai da Amurka kuwa akwai masu ƙananan jiragen iska da suke ja da mota zuwa tafki ranar hutu. Dukansu dokarsu ɗaya ce a kan ƙyallen: a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, in ya yi datti a sa sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi, a shanya ya bushe sarai kafin a naɗe, a ɓoye shi daga rana, ƙaramar yagewa kuma a ɗinke ta yau.

Wannan doka ta hau kan tarunka da kallinka da birginka, da tamfol ɗin da kake rufe kaya, da rigunan ruwa. Zaren roba ba ya ruɓewa kamar na auduga, shi ya sa mutane suke ɗauka ba ya mutuwa. Rana ce ajalinsa. In ya daɗe a cikinta sai ya kwaɗe, ya yi fari, ka ja shi ya tsinke. Ka shanya a inuwa, ka cire ciyawa da matattun kifi domin ƙarninsu ne yake kiran ɓera, ka rataye a ɗaki. Kada ka sa masa sinadarin cire dauɗa mai sa tufa fari, don yana cin zaren nailan. Rigar ruwa kuma ba matashi ba ce; zama a kanta yana matse soson da ke ciki har ta kasa ɗaga mutum. Farkon kowace damina a gwada kowace riga a ruwa iya ƙirji.

In kuma sha'awa ta ɗebe ka ka ce za ka kafa wa kwalekwalenka ƙyalle a dam, ka sani cewa jirginmu ba shi da nauyi a ƙasa da zai hana shi kifewa. Ƙyallen ya zama ƙarami, iska ta zama daga bayanka, igiyarsa tana hannunka ba a ɗaure ba. Kana ganin gabas ta yi baƙi, ka sauke shi ka nemi gaɓa, don iskar da ke gaban hadari ba ta sallama.

Mai inji kuma, a taƙaice. Ka bi abin da littafin injin ya ce wajen haɗa fetur da mai, kada ka bi ƙiyasin ido. Sabon inji a bi shi a hankali a sa'o'insa na farko. Duk lokacin da ka tayar, ka duba ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya. In ya tsaya, ka kashe nan take, don injin ya daina shan ruwan da ke sanyaya shi. Kada ka taɓa tayar da shi a tudu ba ruwa. Ka riƙa duba farfela saboda zaren taru da ke naɗewa. In za a ajiye shi na rani, a tsiyaye fetur, a jingine shi a tsaye. Kuma ko injinka sabo ne dal, filafili biyu da gwangwala kada su bar cikin jirgi.

Nauyin bai tsaya kan mai jirgi kaɗai ba. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da Sarkin Ruma Hakimin Batsari, da Yariman Katsina Hakimin Safana, da dagatai da masu unguwanni, su sa a ƙirga duk mashigin da ake fito a ƙasarsu, a san jirage nawa ne da masu su. Kafin ruwa ya sauka, Sarkin Ruwa da kafinta su zaga su duba kowane jirgi, wanda bai cancanta ba a hana shi aiki har sai an gyara. Rabon rigunan ruwa ya zo a watan Mayu, kada a jira sai an yi rashi a zo da su tare da ta'aziyya. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilmin kifi, ga ta a maƙwabtaka da Zobe. Ba abu ne mai wuya ba a shirya wa sababbin masu jirgi bita ta kwana biyu da Hausa. Mafita ta dindindin dai ita ce gada a manyan mashigai, kuma za mu ci gaba da tuna wa gwamnati. Kafin ta samu, jirgi ne gadar talaka.

Fasinjoji, ku ma da naku. In mai jirgi ya ce ya cika, ku saurara masa. In kun ga ruwa ya kai idon sawu a ciki, ku sauka. Iyaye da malaman Islamiyya, kada a zuba yara a jirgi ba babba, kuma a raba su sawu biyu ko uku ko da za a makara.

Kai kuma malam mai sabon jirgi, Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ka miƙa hannu ka karɓi kuɗin fito, ka karɓi amanar rai har sai ka sauke shi a ɗaya gaɓar. Ka ware wani abu daga cinikin kowace rana ka ajiye domin kwalta da ƙusa da fenti, ka sa ranar gyara a watan Afrilu, ka ja jan layinka ka tsaya a kansa.

Sharhin ke nan na yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu shiga ruwa da masu jiransu, ya dawo da zaman lafiya a Batsari da Safana da sauran ƙasarmu baki ɗaya.